Ƙin Gudu Da Sa Gudu: Wane Ne Jarumi A Tarihin Tseren Motoci?

Duk ɗalibin da ya zauna ajin adabin baka ya san siffar jarumi kamar yadda maroƙa da masu kirari suka zana shi. Shi ne namijin da ba ya ja da baya, ba ya waiwaye, ya gwammace a ɗauko gawarsa daga fage da a ce ya juya. Wannan ma'auni ba na Hausawa kaɗai ba ne. Turawa ma da shi suka daɗe suna auna matuƙan motocin tsere, musamman a babbar gasar duniya da ake kira Formula 1, wadda aka buɗe a filin Silverstone na Ingila ranar 13 ga Mayu, 1950. Amma in aka bi tarihin wannan gasa a tsanake, za a ga ma'aunin yana da gyara. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, aikin jaruntaka mafi girma da aka taɓa yi a fagen, wani Ba'ostiriye ne mai suna Niki Lauda ya yi shi a ƙasar Japan cikin 1976, sa'ad da ya karkata motarsa gefe ya kashe inji alhali kambin duniya yana gabansa. Abin mamaki kuwa, ba wannan ranar ce ake yi masa kirari da ita ba.

Kafin a kai ga Lauda, ya kamata mai karatu ya san irin fagen da ake magana a kansa. A shekarun farko na gasar, matuƙi yakan zauna ne tsakanin tankunan fetur, ba ɗamara ko ɗaya da ta riƙe shi a kujera, domin da yawansu sun yi imani gara mota ta yi jifa da mutum waje da ta ƙone da shi a ciki. Abin da ya raba hanya da 'yan kallo sau da yawa bai wuce damman ciyawa ba. A tseren awa 24 na Le Mans a Faransa cikin 1955, motar Mercedes da Pierre Levegh yake tuƙi ta tashi sama ta faɗa cikin jama'a, mutane fiye da 80 suka mutu, kuma ba a tsayar da tseren ba. A Monza ta Italiya cikin 1961 Wolfgang von Trips ya mutu tare da 'yan kallo 15, nan ma aka ci gaba har aka kai ƙarshe. Watau a wancan zamani mutuwa ba ta zama abin da ke tsayar da komai ba. An ɗauke ta wani ɓangare na sana'ar, kamar yadda maƙeri ya ɗauki ƙuna.

Wanda ya fi kowa suna a wannan zamani shi ne Juan Manuel Fangio, mutumin Ajantina, wanda ya ci kambi sau biyar tsakanin 1951 da 1957. Tseren da ake yawan ba da labarinsa shi ne na Nurburgring a Jamus cikin 1957, hanya mai tsawon kilomita 22 da wani abu wadda ta ratsa duwatsu da dazuzzuka. Makanikansa sun yi jinkiri wajen sauya masa taya, ya fito yana bayan motocin Ferrari biyu, na Mike Hawthorn da Peter Collins, da kusan daƙiƙa 50. Yana da shekara 46, ya bi su yana karya tarihin saurin zagaye sau bayan sau, har ya wuce su duka biyu ana saura zagaye ɗaya. Masu ba da labari sukan tsaya nan su yi tafi. Sai dai abin da ya biyo baya ya fi wannan muhimmanci. Fangio da bakinsa ya bayyana cewa bai taɓa tuƙi irin na ran nan ba, kuma ba ya fatan ya sake. Cikin 1958 ya yi tserensa na ƙarshe a Reims, tseren da Luigi Musso ya mutu a cikinsa, ya fita daga mota ya ce ya gama. Bayan wata guda Collins ya mutu a wannan Nurburgring ɗin. Hawthorn ya ci kambin 1958, ya yi ritaya, sa'an nan ya mutu a haɗarin mota bisa hanya cikin Janairun 1959. Fangio kuwa ya rayu har 1995, ya kai shekara 84. Gwanin da ya fi kowa iya gudu shi ne ya fara gane cewa gudun yana da iyaka.

Amma Fangio kansa kawai ya tsirar. Wanda ya mayar da abin ya zama yaƙi domin kowa shi ne Jackie Stewart, ɗan Sikotilan. Cikin 1966 a Spa ta Beljiyam, ruwan sama ya sauko a zagayen farko, motarsa ta zame ta bar hanya ta lanƙwashe, ya maƙale a ciki fetur yana kwarara a jikinsa har kimanin minti 25. Babu ma'aikacin ceto kusa. 'Yan'uwansa matuƙa biyu, Graham Hill da Bob Bondurant, waɗanda su ma suka zame a wurin, su ne suka ari sifana wajen wani ɗan kallo suka kwance sitiyari suka zaro shi. Motar asibitin da ta ɗauke shi kuma ta ɓata hanya. Daga ran nan Stewart ya riƙa manna sifana a cikin motarsa, ya kuma shiga neman a kafa shingen ƙarfe a gefen hanyoyi, a sare itatuwan da ke kusa, a kawo likitoci da kayan kashe gobara, a tilasta ɗamara da tufafin da wuta ba ta ci da sauri. Mutuwar abokinsa Jim Clark a Hockenheim cikin 1968 ta ƙara masa hujja, domin kowa ya san Clark ba ya ganganci, amma motarsa ta bar hanya ta haɗu da itatuwa a inda babu shinge. Matuƙa suka ƙaurace wa Spa cikin 1969, suka kuma ƙi shiga Nurburgring cikin 1970 sai an gyara ta.

Sakamakon da Stewart ya samu shi ne zagi. Masu filaye suka ce yana jawo musu asara, wasu marubuta irin su Denis Jenkinson suka yi ta yi masa ba'a a mujallu, masu sha'awa da yawa suka kira shi matsoraci. To, matsoracin nan shi ne ya ci tseren Nurburgring na 1968 cikin hazo da ruwa, hannunsa ɗaure saboda rauni, ya ba na biyu ratar fiye da minti huɗu. Ya ci kambi sau uku, a 1969 da 1971 da 1973.

Ya kamata a yi wa masu suka adalci, domin a cikinsu akwai mutanen kirki. Stirling Moss na Ingila ya rayu yana ganin haɗari shi ne gishirin tsere, in aka cire shi abin ya zama lami. Moss kuwa ba mutumin da za a raina ba ne. Cikin 1958 ya je gaban alƙalan tsere a Fotugal ya ba da shaidar da ta hana a kori abokin hamayyarsa Hawthorn, a ƙarshen shekara kuma Hawthorn ya ci kambi da ratar maki ɗaya tak a kansa, shi kuwa Moss har ya bar tsere bai taɓa ci ba. Hujjar irinsu ita ce, ba wanda aka ɗaure aka sa a mota. Baligi ne ya zaɓi sana'arsa ya san abin da ke ciki. Wannan magana tana da ƙarfi in ana batun haɗarin da ba makawa, watau wanda ke cikin gudu da kansa. Amma ba ta da amsa ga abin da ya faru a Zandvoort ta Holan cikin Yulin 1973. Roger Williamson, saurayi ɗan shekara 25 da ke tserensa na biyu a gasar, motarsa ta kife ta kama wuta. Karon bai kashe shi ba. David Purley ya tsayar da tasa motar, ya ƙetare hanya da gudu, ya yi ta kokawa shi kaɗai ya juya motar, ma'aikatan wurin suna tsaye domin ba su da tufafin shiga wuta, sauran motoci suna wucewa domin ba a tsayar da tsere ba, duniya kuma tana kallo a talabijin. Hayaƙi ya kashe Williamson kafin motar kashe gobara ta iso. Williamson ya zaɓi gudu, amma bai zaɓi sakacin masu fili ba. Kiran irin wannan mutuwa jaruntaka hanya ce kawai ta rufa wa masu laifi asiri. An ba Purley lambar yabo ta George saboda abin da ya yi, kuma ya cancanta. A watan Oktoba na wannan shekara François Cevert, abokin aikin Stewart, ya mutu wajen gwaji a Watkins Glen ta Amurka. Washegari ne Stewart zai cika tserensa na 100, amma bai shiga ba, ya tsaya a 99.

Cikin wannan yanayi Lauda ya taso. Ɗan masu hali ne daga birnin Biyana, danginsa ba su so sana'ar ba, sai da ya ci bashin banki ya sayi gurbin tuƙi kafin a san shi. Ya ci wa Ferrari kambi cikin 1975, kuma a shekarar ne ya zagaya Nurburgring cikin ƙasa da minti bakwai, abin da babu wanda ya yi a gasar kafinsa. Saboda haka da ya tashi a gaban 'yan'uwansa cikin 1976 ya nemi a ƙaurace wa hanyar domin tsawonta ya fi ƙarfin ma'aikatan ceto, ba wanda zai ce rashin iyawa ne ya sa shi magana. Aka jefa ƙuri'a, aka rinjaye shi, ya bi jama'a ya shiga. Ranar 1 ga Agusta, a zagaye na biyu, motarsa ta daki gefen hanya ta dawo tsakiya tana cin wuta, wasu motoci suka buge ta. Matuƙa huɗu ne suka tsaya suka ciro shi, Arturo Merzario da Brett Lunger da Guy Edwards da Harald Ertl, watau daidai abin da ya yi gargaɗi a kai ne ya faru: ceto bai zo daga masu fili ba. Fuskarsa da kansa sun ƙone, mafi yawan kunnensa na dama ya tafi, hayaƙi mai guba ya lalata masa huhu, har aka kira limamin coci ya yi masa addu'ar da ake yi wa mai barin duniya.

Bayan mako shida, ranar 12 ga Satumba, sai ga shi a Monza, raunuka ba su warke ba, ya shiga tsere ya zo na huɗu. Wannan ita ce ranar da ake yi masa kirari da ita, kuma lalle ba ƙaramin abu ba ne. Shi da kansa ya faɗa daga baya cewa a ranar gwajin farko tsoro ya kama shi har ya kasa tuƙi sosai. Sai dai a lura da wani abu. A Monza kowa yana bayansa. Jama'ar Italiya suna so, 'yan jarida suna so, kamfanin ma da ya riga ya ɗauko Carlos Reutemann domin ya maye gurbinsa ya ƙara masa dalilin dawowa da sauri. Duk iskar tana kaɗawa wuri guda, shi kuwa ya bi ta. Abin da ya yaƙa a ran nan jikinsa ne da tsoronsa.

Ranar 24 ga Oktoba aka je tseren ƙarshe a gindin dutsen Fuji. Lauda yana da maki 68, James Hunt na Ingila yana da 65. Ruwa ya yi ta sauka, hanya ta zama rafi, matuƙa da yawa suka nemi a ɗage, amma an riga an sayar da tseren ga gidajen talabijin na duniya, rana kuma tana neman faɗuwa, sai aka ce a tashi. Wanda ke bayan wata mota ba ya ganin komai sai feshin ruwa. Ga Lauda abin ya fi muni, domin fatar idonsa da ta ƙone ba ta barinsa ya ƙifta yadda ya kamata. Ya yi zagaye biyu, ya shigo ya tsaya. An ruwaito cewa babban injiniyan Ferrari, Mauro Forghieri, ya ba da shawara a ce wa duniya lantarkin mota ne ya samu matsala, Lauda ya ce a faɗi gaskiya, shi ne ya ga ransa ya fi kambi. Hunt ya zo na uku, ya samu maki huɗu, ya ci kambi da 69 a kan 68.

Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Wanda ya yi nazarin waƙoƙin maza ya san cewa abin da ke tsayar da ɗan dambe a fage bayan ya ji jiki, sau da yawa, idon jama'a ne da gangar makaɗi. Ba ya son a koma gari da labarinsa. Yawancin abin da ake kira ƙin gudu tsoro ne shi ma, tsoron kunya, wanda ya rinjayi tsoron mutuwa. A Fuji wannan tsoron ne Lauda ya fuskanta, kuma babu mai taya shi. Ya san jaridun Italiya za su ce wuta ta cinye masa zuciya, kuma sun faɗa. Ya san abin zai ɓata tsakaninsa da Enzo Ferrari, kuma ya ɓata. An miƙa masa ƙaryar da za ta rufa masa asiri, ya ƙi karɓa. Wasu ma sun janye a ran nan, har da Emerson Fittipaldi wanda ya taɓa cin kambi sau biyu, amma babu wanda ya ajiye abin da Lauda ya ajiye.

Akwai hujja guda da masu suka ke kawowa, kuma gaskiya ce: ruwan ya tsagaita daga baya, hanya ta bushe, ba wanda ya mutu a tseren, da ya daure wataƙila da ya ci kambin. Amma ba a auna shawara da abin da Allah ya ɓoye a lokacin yanke ta. Watanni uku kafin nan mutumin ya ga haɗari ya faɗa, aka rinjaye shi, ya bi, ya biya da fuskarsa. Da ya sake bin taro a karo na biyu, da sai a ce wutar Nurburgring ba ta koya masa komai ba. Zancen cewa zuciyarsa ta karye kuwa, tarihi ya amsa shi: ya ci kambin 1977 a cikin Ferrari ɗin nan, ya bar kamfanin tun shekara ba ta ƙare ba, ya sake ci cikin 1984 da McLaren da ratar rabin maki a kan Alain Prost.

Shi Prost ɗin, Bafaranshe, ana yi masa laƙabi da Furofesa saboda lissafinsa, kuma a bakin masu sha'awar tsere laƙabin bai cika zama yabo ba (malaman jami'a sai su yi haƙuri). Cikin 1982 a Hockenheim, Didier Pironi ya daki bayan motarsa cikin ruwa domin bai gan shi ba, ƙafafun Pironi suka ragargaje, bai sake tseren gasar ba. Saboda haka da aka tashi tseren Adelaide na Ostareliya cikin 1989 ana tafka ruwa, Prost ya yi zagaye ɗaya ya ajiye mota. Ayrton Senna na Birazil ya ci gaba, ya je ya daki bayan motar Martin Brundle wadda bai gani ba. Prost ya ci kambi huɗu, Senna uku, amma ko kusa ba a ƙaunar Prost kamar Senna.

Ba a nufin a rage wa Senna daraja. Gwaninta irin tasa cikin ruwa da wajen zagayen neman gurbi ba ta da yawa a tarihi, kuma shi ne ya tsayar da motarsa a Spa cikin 1992 ya ruga ya taimaki Erik Comas da ya yi haɗari. Amma shi ne kuma ya daki Prost a kwanar farko a Suzuka cikin 1990 domin ya tabbatar da kambi, ya kuma amsa bayan shekara guda cewa da niyya ya ƙi kaucewa. A Imola ta Italiya cikin 1994, Rubens Barrichello ya yi mummunan haɗari ran Juma'a, Roland Ratzenberger ya mutu ran Asabar. Babban likitan gasar, Sid Watkins, ya ba Senna shawara ya bar tseren baki ɗaya su tafi kamun kifi, Senna ya nuna ba zai iya bari ba. Ran Lahadi, 1 ga Mayu, motarsa ta bar hanya a kwanar Tamburello ta daki bango, ya mutu yana da shekara 34. An samu tutar Ostiriya a naɗe cikin motar, wadda ya yi niyyar ɗagawa domin tunawa da Ratzenberger. Birazil ta yi makokin kwana uku, Prost yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa.

Bayan Imola aka sauya fasalin kwanoni masu haɗari, aka ɗaga gefen mazaunin direba, aka tsananta gwajin ƙarfin motoci, daga 2003 kuma aka tilasta na'urar da ke riƙe wuya da kai. Shekara 20 ba a sake rasa matuƙi a tseren gasar ba, sai haɗarin Jules Bianchi a Suzuka cikin 2014, wanda ya yi ajalinsa cikin 2015. Abin takaici a nan shi ne, yawancin gyaran irin wanda Stewart ya yi ta nema ne da baki ana yi masa dariya. Bakin mai rai bai isa ba, sai da aka ga gawar wanda duniya ke so.

Shi kansa Lauda bai tsira daga tsohon ma'auni ba. Cikin 2017 da aka yanke shawarar kafa wani bakan ƙarfe mai suna Halo a saman kan direba, yana cikin waɗanda suka yi suka da ƙarfi, yana ganin an ɓata asalin motar tsere. Aka fara amfani da shi cikin 2018, Lauda ya rasu cikin Mayun 2019. Ranar 29 ga Nuwamba, 2020, a Baharain, motar Romain Grosjean ta huda shingen ƙarfe a zagayen farko, ta rabe biyu ta kama wuta. Bakan ƙarfen ne ya buɗa shingen ya kare masa kai. Motar likita, wadda aka fara sa ta bin bayan matuƙa a zagayen farko tun bayan mutuwar Ronnie Peterson a Monza cikin 1978, ta iso nan take. Bayan kimanin daƙiƙa 28 Grosjean ya fito daga cikin wutar da ƙafarsa, da ƙuna a bayan hannuwansa.